Tambayoyi da amsoshi kan daidaita ikweshon ɗin asid da gishiri

Yawancin ɗaliban da ke kuka da daidaita ikweshon, wato sa yawan kowane irin atom ya zo daidai a hagu da dama, ba a wajen ƙirga suke faɗuwa ba. Tun wajen rubuta abin da ya fito da fomularsa suke kauce hanya, sai su ɓata minti goma suna neman lambobin da ba za su taɓa samuwa ba. An shirya waɗannan amsoshi ne don masu karatun kemistiri a babbar sakandare da masu shirin WAEC, NECO ko JAMB.

Wane gishiri ake nufi? Na miya ne?

Na miya, wato NaCl, ɗaya ne daga cikin dubbai. A kemistiri, idan sinadarin dangin ƙarfe ko ayon ɗin amoniyam, NH₄⁺ (ayon shi ne atom ko gungun atom mai ɗauke da cajin lantarki), ya maye gurbin haidrojin ɗin da ke jikin asid, abin da aka samu gishiri ne. Farar ƙasar da ake haƙowa don yin siminti da ɓawon ƙwai duk CaCO₃ ne, kuma gishiri ne. Haka bekin soda, NaHCO₃, da takin amoniyam salfet, (NH₄)₂SO₄. Kowane gishiri ɓangare biyu ne: ayon mai cajin ƙari, irin Na⁺ ko Ca²⁺, da ayon mai cajin ragi, irin Cl⁻, CO₃²⁻ ko SO₄²⁻. Asid kuwa H⁺ yake kawowa tare da nasa ayon ɗin mai cajin ragi. A mafi yawan tambayoyin jarrabawa musanya kawai ake yi: H⁺ ya ɗauke ayon ɗin gishirin, ƙarfen ya koma wa ayon ɗin asid.

Me ya sa dole sai an daidaita?

Saboda atom ba ya ɓacewa a riyakshon, kuma ba ya faɗowa daga sama. Wuri kawai yake canzawa. Bafaranshen nan Antoine Lavoisier ne ya kafa wannan doka da awon sikeli, ya bayyana ta a littafinsa na 1789. Idan ka zuba asid a kan farar ƙasa a buɗaɗɗen kofi ka ga nauyi ya ragu, iskar CO₂ ce ta fice. A rufaffen mazubi nauyin ba zai motsa ba.

Ta ina ake farawa?

Mu ɗauki kalsiyam kabonet da asid haidrokulorik, tambayar da kusan ba a rasa ta.

Da farko rubuta ayon ɗin kowa da cajinsa a gefen takarda: Ca²⁺ da CO₃²⁻ daga gishirin, H⁺ da Cl⁻ daga asid. Sai ka yi musanya. Ca²⁺ zai haɗu da Cl⁻, kuma tunda cajinsa biyu ne, sai ya riƙe kulorayid biyu kafin caji ya mutu: CaCl₂. A nan ne da yawa ke rubuta CaCl, daga nan kuma aiki ya lalace. H⁺ zai haɗu da CO₃²⁻ ya ba da H₂CO₃, wanda ke wargajewa nan take ya zama ruwa da CO₂. Yanzu ka samu gangar jikin ikweshon ɗin:

CaCO₃ + HCl → CaCl₂ + H₂O + CO₂

Daga nan ba a sake taɓa kowace fomula. Abin da ya rage shi ne manyan lambobin da ake sawa a gaba. Ƙirga ƙarfe tukuna: kalsiyam ɗaya a hagu, ɗaya a dama. Sai ayon ɗin asid: kulorin ɗaya a hagu, biyu a dama, don haka ka sa 2 a gaban HCl. Kabon ɗaya da ɗaya. Haidrojin yanzu biyu da biyu. Oksijin ake bari ƙarshe, domin yana bayyana a wurare da yawa: uku a hagu, a dama ɗaya a ruwa, biyu a CO₂.

CaCO₃(s) + 2HCl(aq) → CaCl₂(aq) + H₂O(l) + CO₂(g)

Oksijin shi ne mai shaida. Idan komai ya daidaita amma shi ya ƙi, kada ka tsaya juya lambobi. Koma ka duba fomulolin, kusan kullum can matsalar take. Alamomin da ke cikin baka suna nuna halin da sinadari yake ciki: s daskararre, l mai ruwa-ruwa, g iska, aq narkakke a ruwa. Idan tambaya ta nemi a sa su, rashin su na cin maki.

Akwai hanyar sanin lambar asid tun kafin a fara ƙirga?

Akwai, kuma ita ce ta fi kowace sauri. Duba jimlar cajin ragi da ke cikin gishirin. Yawan H⁺ ɗin da ake bukata ke nan don a ƙwace ayon ɗin gaba ɗaya. CO₃²⁻ na son H⁺ biyu, HCO₃⁻ ɗaya, S²⁻ biyu, SO₃²⁻ biyu, PO₄³⁻ uku. Sannan ka duba H⁺ nawa asid ɗin ke bayarwa: HCl da HNO₃ ɗaya-ɗaya, H₂SO₄ biyu, H₃PO₄ uku.

Saboda haka Na₂CO₃ zai ci HCl biyu, amma H₂SO₄ ɗaya ya ishe shi:

Na₂CO₃ + 2HCl → 2NaCl + H₂O + CO₂
Na₂CO₃ + H₂SO₄ → Na₂SO₄ + H₂O + CO₂

Bekin soda kuwa abin juyawa yake. H⁺ ɗaya yake so, H₂SO₄ kuma biyu yake da su, don haka gishirin ne za a ninka:

2NaHCO₃ + H₂SO₄ → Na₂SO₄ + 2H₂O + 2CO₂

Wannan dabara tana aiki ne a inda musanya kawai aka yi. Idan elektiron ya canza hannu, labari ya sha bamban, kuma za a zo kansa a ƙasa.

Me zai hana in gyara ƙaramar lambar da ke ƙasa idan hakan ya fi sauƙi?

Ƙaramar lambar ita ce sinadarin kansa. H₂O ruwan sha ne, H₂O₂ kuma haidrojin farokzayid ne da ake wanke rauni da shi. Wanda ya mayar da HCl ya zama H₂Cl₂ don ya samu kulorin biyu ya ƙirƙiro abin da babu shi. 2HCl na nufin HCl guda biyu, kuma wannan ne kaɗai gyaran da aka yarda da shi.

Ta yaya zan san ko asid zai yi aiki a kan gishirin, da abin da zai fito?

Musanya tana tafiya gaba ne idan wani abu ya fice daga cikin ruwan, ta yadda ba zai dawo ba. Hanyoyin ficewar uku ne.

Ta farko, iska ta tashi. Kabonet na ba da CO₂, salfayit na ba da SO₂ mai shaƙe maƙoshi, salfayid na ba da H₂S mai warin ruɓaɓɓen ƙwai:

Na₂SO₃ + 2HCl → 2NaCl + H₂O + SO₂
FeS + 2HCl → FeCl₂ + H₂S

Ta biyu, a samu abin da ba ya narkewa, ya kwanta a gindin kwalbar gwaji:

AgNO₃ + HCl → AgCl + HNO₃
BaCl₂ + H₂SO₄ → BaSO₄ + 2HCl
Pb(NO₃)₂ + 2HCl → PbCl₂ + 2HNO₃

AgCl da BaSO₄ abin da ke narkewa daga cikinsu a lita ɗaya ta ruwa bai wuce miligiram biyu ko uku ba, shi ya sa ko ɗigo ɗaya aka sa sai ruwan ya yi fari. PbCl₂ ya ɗan bambanta: yana kwanciya a ruwan sanyi, ya narke idan aka dumama, ya dawo da siraran ƙyalƙyali kamar allura idan ya huce.

Ta uku, a samu asid mai rauni wanda ke riƙe H⁺ ɗinsa gam. Sodiyam asitet da HCl na ba da asid ɗin binega, hanci ma zai gaya maka:

CH₃COONa + HCl → CH₃COOH + NaCl

Idan babu ko ɗaya daga cikin ukun, babu riyakshon. Ana iya rubuta NaCl + HNO₃ → NaNO₃ + HCl a takarda kuma atom su daidaita tsaf, amma a kwalba, idan asid ɗin sirkakke ne, ayon huɗu ne kawai ke yawo a ruwa, babu abin da ya faru. Daidaituwar ikweshon ba hujja ba ce cewa abin yana faruwa.

Ana yawan koya wa ɗalibai cewa asid mai ƙarfi ne ke korar mai rauni. Hakan gaskiya ne a mafi yawan lokuta, amma kada a riƙe shi kamar doka. Idan aka busa H₂S, wanda asid ne mai rauni ƙwarai, cikin shuɗin ruwan kofa salfet, baƙin CuS ne ke kwanciya, a bar asid salfurik a ruwan: CuSO₄ + H₂S → CuS + H₂SO₄. Rashin narkewar CuS ne ya ja abin gaba.

In rubuta H₂CO₃ a dama, ko ruwa da CO₂?

Ruwa da CO₂. H₂CO₃ ba ya zama a ruwa da yawa, kumfar da kake gani tana tashi ita ce wargajewarsa. Haka H₂SO₃ ake rubuta shi H₂O da SO₂. Akwai wani ɗan'uwansu da ke ruɗa mutane, sodiyam tayosalfet, wanda ke ba da abu huɗu a dama:

Na₂S₂O₃ + 2HCl → 2NaCl + H₂O + SO₂ + S

Salfa ɗaya ta tafi a iska, ɗaya ta zauna a ruwa ta gurɓata shi da launin ruwan ɗorawa. Da shi ake gwajin saurin riyakshon, inda ake zana alama a takarda a ƙarƙashin filas a ƙirga daƙiƙoƙin da za a ɗauka kafin ta ɓace wa ido.

Na ga ikweshon biyu na NaCl da H₂SO₄. Wanne ne daidai?

Duka biyun. Zafi ne ya raba su. Da busasshen gishiri da tsantsar asid salfurik, a zafin ɗaki ko da ɗan dumi, H⁺ ɗaya kaɗai asid ɗin ke saki:

NaCl + H₂SO₄ → NaHSO₄ + HCl

Wannan shi ake yi a ɗakin gwaje-gwaje na makaranta don samar da iskar HCl. Sai an kai zafi wajen digiri 500 zuwa 600 na Salshiyas, a tanderun masana'anta, sannan H⁺ na biyu ke fita:

2NaCl + H₂SO₄ → Na₂SO₄ + 2HCl

Idan tambaya ta ce a ɗakin gwaji, rubuta na farko. Dalilin tafiyar riyakshon ɗin shi ne H₂SO₄ ba ya tafasa sai wajen digiri 337, HCl kuwa iska ce tun a zafin ɗaki, sai ta tashi ta bar filas. Da irin wannan hikima ake samar da asid naitirik, wanda ke tafasa a digiri 83: NaNO₃ + H₂SO₄ → NaHSO₄ + HNO₃. Haɗa NaCl da H₂SO₄ tsohon aiki ne. Bajamushe Johann Glauber ya yi shi a ƙarni na 17, har yau ana kiran sodiyam salfet mai ruwa da sunansa, kuma wannan haɗin ne matakin farko a hanyar yin soda da Nicolas Leblanc ya yi wa rajista a Faransa a 1791.

A lura: idan gishirin narkakke ne a ruwa kuma asid ɗin sirkakke, HCl ba zai tashi ba, narkewa zai yi ya zauna.

Me ya sa wani lokaci Na₂CO₃ ke cin HCl ɗaya, wani lokaci biyu?

Saboda kabonet hawa-hawa yake karɓar H⁺. Idan kana ɗiga asid a hankali cikin ruwan kabonet kana girgizawa, da farko ba za ka ga kumfa ba:

Na₂CO₃ + HCl → NaHCO₃ + NaCl

Sai duk kabonet ɗin ya koma NaHCO₃ sannan iska ta fara tashi:

NaHCO₃ + HCl → NaCl + H₂O + CO₂

Haɗa biyun ka samu ikweshon mai 2HCl. Idan aka juya, aka ɗiga kabonet cikin asid, kumfa tun ɗigon farko take tashi, domin asid ya fi yawa a wurin.

Wannan yana da tasiri kai tsaye a taitireshon, wato ɗiga asid daga bututun awo da ake kira buret cikin ruwan gishirin har alamar launi da aka sa, irin fenolftalin ko metil oranj, ta nuna an gama. Fenolftalin na rasa jan launinsa a ƙarshen hawa na farko, metil oranj kuwa sai a ƙarshen na biyu yake juyawa daga ruwan ɗorawa zuwa ruwan lemo. Shi ya sa metil oranj ake ba ɗalibai a gwajin kabonet da HCl. A ce an ɗebi 25.0 cm³ na Na₂CO₃ mai ƙarfin 0.050 mol/dm³ (mol ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari ne, dm³ kuma lita ce), wato giram 5.3 a lita, buret ya nuna 23.50 cm³ na asid. Mol ɗin kabonet 0.050 × 25.0 ÷ 1000 = 0.00125. Ikweshon ya ce a ninka biyu, HCl ya zama 0.00250 mol. A raba da 0.02350 dm³, a samu 0.106 mol/dm³. Wanda ya manta da 2 ɗin zai samu 0.053, rabin amsa, kuma duk lissafin da ya biyo baya zai gaji kuskuren. Da fenolftalin aka yi, da buret ya tsaya wajen 11.75 cm³.

Yaya ake yi da masu baka irin Ca₃(PO₄)₂?

Ka ɗauki PO₄ da SO₄ kamar damin gero: a ɗaure ake ɗaukarsa, a ɗaure ake saukewa, ba a kwancewa a ƙirga zangarniya. Muddin ayon ɗin ya bayyana a dama yadda ya shigo a hagu, ƙirga shi a matsayin abu ɗaya.

Ca₃(PO₄)₂ + H₂SO₄ → CaSO₄ + H₃PO₄

Kalsiyam uku a hagu, sai 3CaSO₄. Hakan ya kawo SO₄ uku, sai 3H₂SO₄. PO₄ biyu a hagu, sai 2H₃PO₄. Haidrojin shida da shida.

Ca₃(PO₄)₂ + 3H₂SO₄ → 3CaSO₄ + 2H₃PO₄

Mai son aljabara zai iya sa a, b, c, d a gaban sinadaran huɗu. Kalsiyam ya ba da 3a = c, fosfet 2a = d, salfet b = c, haidrojin 2b = 3d. A sa a = 1, sauran su fito da kansu. Idan aka samu rabi a wani wuri, a ninka komai da biyu. Idan kuma duk lambobin na rabuwa da lamba ɗaya, a rage su.

Dabarar dami ba ta aiki a kabonet, tunda CO₃ ya wargaje. A can sai an bi kabon da oksijin ɗaya bayan ɗaya.

Wannan gishiri ma yana da ikweshon na biyu, kuma manomi ya fi kowa amfana da shi. Idan aka rage asid zuwa biyu:

Ca₃(PO₄)₂ + 2H₂SO₄ → Ca(H₂PO₄)₂ + 2CaSO₄

Cakuɗin da ke dama shi ne takin sufa, wanda ake rubuta SSP a buhunsa. Dutsen fosfet ba ya narkewa, saiwar shuka ba ta iya shan sa da sauri, Ca(H₂PO₄)₂ kuwa yana narkewa. John Bennet Lawes ya yi wa wannan hanya rajista a Ingila a 1842. Sinadaran farko iri ɗaya ne a ikweshon biyun, yawan asid ne ya yanke abin da zai fito, don haka sai an karanta tambaya da kyau an ga wanne ake nema.

Ikweshon ɗina daidai ne, amma da na zuba H₂SO₄ a kan farar ƙasa kumfa ta tsaya bayan ɗan lokaci. Me ya faru?

CaCO₃ + H₂SO₄ → CaSO₄ + H₂O + CO₂ daidai ne a takarda. Matsalar CaSO₄ ce, wanda kusan giram biyu kacal ke narkewa a lita. Yana fitowa sai ya lulluɓe dutsen da farin ɓawo, asid ya kasa kaiwa ga abin da ke ciki. Za ka ga kumfa ta taso da ƙarfi, ta ragu, ta mutu, dutse na nan kusan yadda yake. CaCl₂ kuwa fiye da giram 70 ke narkewa a giram 100 na ruwa, yana fitowa yana wankewa. Shi ya sa HCl ko HNO₃ ake amfani da su wajen samar da CO₂ daga farar ƙasa. Irin wannan cikas ake samu da BaCO₃ da H₂SO₄, da kuma PbCO₃ da HCl ko H₂SO₄.

Yaya ake fitar da giram da lita daga ikweshon?

Lambobin gaba mol suke nunawa, ba giram ba. A ce giram 5.0 na CaCO₃ za a narkar. Mol ɗaya giram 100 ne, don haka 0.050 mol ke nan. HCl ninki biyu, 0.10 mol, wato giram 3.65. Idan asid ɗin 2.0 mol/dm³ ne, 50 cm³ ake bukata. CO₂ zai zama 0.050 mol, giram 2.2, ko 1.12 dm³ a daidaitaccen zafi da matsin iska, inda mol ɗaya ke cika 22.4 dm³. CaCl₂ giram 5.55, ruwa giram 0.90.

Gwada sikeli: hagu 5.0 + 3.65 = 8.65. Dama 5.55 + 0.90 + 2.2 = 8.65. Idan jimlar ɓangarorin biyu ta saɓa, ko ikweshon ne bai daidaita ba ko an yi kuskure a nauyin mol.

A aikace ana ƙara asid kaɗan a kan abin da lissafi ya bayar idan iska ake nema. Idan kuwa gishirin ake son tacewa a busar, kabonet ɗin ake sa ya yi yawa har kumfa ta daina, a tace ragowar, don kada asid ya saura a ruwan.

Mene ne ikweshon na ayon, kuma yaya ake daidaita shi?

Shi ne wanda aka cire 'yan kallo, wato ayon ɗin da suka shiga suka fita ba abin da ya same su. Ana raba asid mai ƙarfi da gishirin da ya narke zuwa ayon. Ba a raba daskararre, iska, ruwa ko asid mai rauni. A haɗin Na₂CO₃ da HCl, Na⁺ da Cl⁻ 'yan kallo ne:

CO₃²⁻ + 2H⁺ → H₂O + CO₂

CaCO₃ daskararre ne, a dunƙule ake barin sa:

CaCO₃ + 2H⁺ → Ca²⁺ + H₂O + CO₂

A nan abu biyu ake daidaitawa, atom da caji. A na farko hagu ragi biyu da ƙari biyu, sifili, dama ma sifili. A na biyu ƙari biyu a kowane ɓangare.

Wannan salo ne ke bayyana dalilin zaɓen asid a gwajin gano ayon. Wajen neman salfet ana sa BaCl₂ sannan sirkakken HCl. BaSO₄ ba ya motsi, amma BaCO₃ da BaSO₃, waɗanda su ma farare ne, narkewa suke. Wajen neman kulorayid da AgNO₃ kuwa HNO₃ ake sawa. Wanda ya sa HCl ya zuba Cl⁻ da hannunsa, ko ruwan zalla ne a kwalbar sai ya ga fari.

Na yi musanya a KMnO₄ da HCl amma ya ƙi daidaita. Ina kuskuren?

Ba musanya ba ce. A nan famanganet na ƙwace elektiron daga kulorayid, manganis ya sauko daga +7 zuwa +2, kulorin ya tashi a matsayin iska. Rabi-rabi ake bi:

MnO₄⁻ + 8H⁺ + 5e⁻ → Mn²⁺ + 4H₂O
2Cl⁻ → Cl₂ + 2e⁻

Ninka na sama da 2, na ƙasa da 5, elektiron goma su kashe juna:

2MnO₄⁻ + 16H⁺ + 10Cl⁻ → 2Mn²⁺ + 8H₂O + 5Cl₂

H⁺ goma sha shida na nufin 16HCl. Kulorayid goma sun zama iska, shida sun rage: biyu su bi K⁺, huɗu su bi Mn²⁺.

2KMnO₄ + 16HCl → 2KCl + 2MnCl₂ + 8H₂O + 5Cl₂

Wannan ne ya sa sirkakken H₂SO₄ ake sawa a taitireshon ɗin famanganet. Da HCl aka sa, da ya cinye wani ɓangare na famanganet ɗin, buret ya nuna fiye da gaskiya.

Alamomin da za su sa ka yi zargin elektiron ya canza hannu: gishirin famanganet ne ko daikuromet, ko asid ɗin HNO₃ ne a kan salfayid ko gishirin Fe²⁺, ko tsantsar H₂SO₄ a kan buromayid ko ayodayid. Da NaBr ana samun ɗan HBr, amma jan hayaƙin buromin na biye da shi:

2NaBr + 3H₂SO₄ → 2NaHSO₄ + Br₂ + SO₂ + 2H₂O

Kanwa da tsami fa? Shi ma asid da gishiri ne?

Ƙwarai. Mai waina idan ƙullunta ya kwana ya yi tsami, takan zuba ruwan kanwa, ƙullun ya ɗan taso da kumfa, tsamin ya karye. Mai miyar yakuwa ma haka take yi. Tsamin ƙullu galibi asid laktik ne, na tsamiya tatarik, na lemun tsami sitirik. Kumfar CO₂ ce.

Babban sinadarin kanwar da ake samowa a yankin Tafkin Chadi shi ne tirona, Na₂CO₃·NaHCO₃·2H₂O, kuma misali ne mai kyau na gwada dabarar caji. Kabonet na son H⁺ biyu, HCO₃⁻ ɗaya, jimla uku. Kabon biyu, CO₂ biyu. Kowannensu ya ba da ruwa ɗaya, a ƙara biyun da ke ɗaure cikin ƙwayar gishirin, huɗu:

Na₂CO₃·NaHCO₃·2H₂O + 3HCl → 3NaCl + 4H₂O + 2CO₂

Ruwan da ke bayan ɗigo yana shiga ƙirga. Sodar wanki, Na₂CO₃·10H₂O, da 2HCl na ba da 11H₂O, kuma mol ɗinta giram 286 ne maimakon 106. Ɗalibin da aka ba mai ruwa ya yi lissafi da 106 ya yi nisa da amsa.

Kanwar kasuwa dai ba tsantsa ba ce. Akwai yashi, NaCl da salfet a ciki, kuma yawansu ya danganta da inda aka haƙo ta, don haka ba za ta maye gurbin Na₂CO₃ na ɗakin gwaji ba. Ana iya juya abin ya zama aikin aji: a narkar da awon kanwa, a tace, a yi taitireshon da HCl wanda aka san ƙarfinsa, a gano kashi nawa ne kabonet.

Lemun tsami da bekin soda kuwa, asid sitirik H⁺ uku yake bayarwa:

C₆H₈O₇ + 3NaHCO₃ → Na₃C₆H₅O₇ + 3H₂O + 3CO₂

Waɗanne ne bai kamata a gwada a gida ba?

Ruwan wanke fararen kaya mai warin kulorin gishiri ne narkakke, NaOCl. Wasu ruwan wanke masai kuma HCl ne a cikinsu. Idan suka haɗu:

NaOCl + 2HCl → NaCl + H₂O + Cl₂

Iskar kulorin a rufaffen banɗaki tana ƙona ido da huhu. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, ƙasa take taruwa, daidai inda mai wanki ya sunkuya. Idan hakan ta faru a fita nan take, a buɗe ƙofa da taga, in tari ko ƙuncin numfashi ya ci gaba a tafi asibiti.

H₂S ma guba ce, kuma idan ta yi yawa hanci na daina jin warinta, mutum ya zaci ta wuce. CaF₂ da H₂SO₄ na ba da HF mai cin gilashi da ratsa fata. Duk waɗannan sai a akwatin zuƙe hayaƙi na ɗakin gwaji, ƙarƙashin kulawar malami.

Ruwan batir asid salfurik ne, kusan kashi ɗaya cikin uku. Idan ya zube a ƙasa, bekin soda ake barbaɗawa kaɗan-kaɗan daga gefe zuwa tsakiya har kumfa ta daina, bisa ikweshon mai 2NaHCO₃ da ke sama: giram 168 na soda ga kowane giram 98 na asid. Idan a fata ko ido ya zuba, ruwa mai yawa ake kwarara na aƙalla minti goma sha biyar, ba a shafa soda ko kanwa. Wajen sirka tsantsar asid kuma, asid ake zubawa cikin ruwa a hankali ana juyawa, domin ruwan da aka zuba a kan tsantsar H₂SO₄ tafasa yake nan take ya fantsamo.